Hutun Wani, Tuwon Wani

Akwai wata irin gajiya da Bahaushe bai raɗa wa suna ba, wataƙila don bai daɗe da saninta ba. Mai ita yana cin abinci, yana barci, yana isa wurin aiki a kan kari. In an ɗebi jininsa an auna, ba a ganin komai. Amma da zarar ya zauna gaban abin da ya fi iyawa a duniya, sai kansa ya zama kamar rijiya a ƙarshen rani: ka zura guga, ka ji ya bugi ƙasa, ka jawo shi wayam. Marubuci ya yi wata uku bai cika shafi ba. Mai zane ya fiƙe fensir ya ajiye. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta kuwa sai mu wuni muna buɗe aiki muna rufewa, a tashi ba mu ƙara layi goma masu amfani ba. Wasu su ce kasala ce, wasu su ce a nemi addu'a, masu kaifin baki su ce ƙoshi ne ya yi yawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin 'yar'uwar wannan gajiya, wato ƙonewar da aiki yake yi wa mutum, ta ce ba cuta ba ce, hali ne da ake ɗaukowa a wurin aiki. Ni ƙafewar basira nake ce mata.

Maganin da ake yawan bai wa mai ita a 'yan shekarun nan shi ne ya rufe kwamfuta ya kama aikin hannu: saƙa, ginin tukwane, shuke-shuke, sassaƙa, duk abin da zai sa yatsu su motsa. Shawarar tana ci, na gwada na gani. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kusan duk aikin hannun da ake tura mu mu huta da shi, akwai wanda da shi yake ɗora tukunya. To wannan mutumin yana da wani haƙƙi a kanmu, ko kuwa kasuwa ta kowa ce, kowa tasa ta fisshe shi?

Bari in fara da dalilin da ya sa maganin yake ci, don kada a ce raina shi na yi. Shekarar da tawa basirar ta ƙafe, da yake aikina ba ya bukatar zaman ofis, sai na tattara na koma gida Kiru na 'yan makonni. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo, ta fi shekara talatin tana shirya duwatsu: abin wuya, awarwaro, jigida, wani lokaci har da carbin da ya tsinke aka kawo mata gyara. Kayan aikinta duka ba su cika kwalla ɗaya ba. Faifai, zaren roba irin na masunta, siririyar allura, almakashi, ashana, sai 'yan gwangwanayen da take raba duwatsun a ciki launi-launi.

Kafin a zura dutse ko ɗaya, sai an auna zare da wuyan da za a yi wa, a bar rara saboda ƙulli. Sannan a jera duwatsun a kan faifai daga tsakiya. Babban dutsen da zai kwanta a ƙirji shi ne farko, sai a yi ta ɗora masa dama da hagu, abin da aka sa nan a sa can. Uku ja, ɗaya fari, uku ja, ɗaya mai ruwan zinare. In aka ja zaren da yawa, sarƙar ta sandare ta ƙi bin wuya. In aka sassauta, zare ya riƙa leƙowa tsakanin duwatsu kamar haƙori mai wushirya. Wannan jan ba shi da ma'auni, a yatsa yake. A ƙarshe a ƙulla, a mayar da bakin zaren cikin duwatsu biyu ko uku, a ɗan taɓa masa wuta ya dunƙule. Shi ke nan, an gama.

Wannan "an gama" ɗin ne aikina ba shi da shi. Manhaja ba a gama ta. Ka miƙa yau, gobe a dawo da ƙorafi, jibi wayoyi su canza ta daina aiki, bayan shekara uku a share ta a sake sabuwa, kai da ka rubuta ba ka da abin da za ka ɗaga ka nuna wa mahaifiyarka. Kuskurenta kuma ɓuya yake yi, waƙafi guda zai iya cinye maka kwana biyu. A sarƙa kuwa in ka tsallake dutse, ido yana gani nan take, sai a zare a sake. Duk da haka ayyukan biyu ba su yi wa juna nisa ba, ƙirga ce da tsari da maimaitawa. Har ma dangi ne. Kwamfutar kumbon Apollo 11 da ya kai Amurkawa duniyar wata a 1969, umarnin da ke cikinta saƙa shi aka yi. Mata ne a masana'antar kamfanin Raytheon suka zauna suna zura waya ta cikin wasu ƙananan zobba: wayar da ta bi ta cikin zobe ana karanta ta ɗaya, wadda ta kewaye shi sifili. Da Gwaggo za ta ga hotonsu, ba sai an yi mata bayanin abin da suke yi ba.

Cikin mako na uku hannu ya fara sabawa, kai kuma ya sake. Ina tsakiyar ƙirga jan dutse sai mafitar wata matsalar da ta gagare ni ta faɗo mini ba sallama. Ba wani abin al'ajabi ba ne. Manomin masara a Tudun Wada ya san gonar da ta gaji ko dai a bar ta saura, ko a canza mata iri.

Wata rana da yamma na gwada yi wa Gwaggo bayanin abin da ya kawo ni gida. Na ce, "Gwaggo, kaina ne ya tsaya, na kasa ƙirƙiro komai." Ta ɗago daga kan faifai ta ce, "Allah ya sawwaƙe, ɗan nan. Amma dai ana biyanka?" Na ce ana biya. Ta ce, "To ai da sauƙi," ta mayar da kai kan zarenta.

Babu gatse a maganar, abin da ta gani ta faɗa. Ita ma tana gundura, akwai ranakun da ba ta son ko ganin dutse. Sai dai ba ta da ranar da za ta zauna jinyar basira, domin 'yan kolin da ke karɓar kayanta su zaga da su kasuwanni, daga Kafin Maiyaki zuwa Kwanar Ɗangora har Tudun Wada, ba sa jiran basirar kowa. Kaka ita ce daminarta. In manoma sun sayar da amfani, bukukuwa sun taso, wanda ya yi sanyin jiki a lokacin sai baɗi. Abubuwan da suke tsayar da ita daban ne: jari ya karye, ko baya ya riƙe, ko ido. Kowa in ya haura arba'in ganinsa na kusa yakan fara raguwa, ramin ƙaramin dutse kuwa bai kai ƙwayar gero ba. Ƙafewar basira ciwo ne na gaske, na san zafinsa. Amma samun sararin jinyarsa gata ne, kuma ni da albashi na saye shi. A faifai ɗaya muke ɗiban dutse, ni ina hutawa, ita tana haɗa kuɗin cefane.

Dutsen ado dama bai taɓa zama abin wasa a ƙasar Hausa ba. A Durɓi Takusheyi ta jihar Katsina, kaburburan manyan da da aka tono a 1992 sun fito da duwatsun ado tare da wuri da zinare, kayan da suka yi tafiya mai nisa kafin su iso. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya shigo Kano a 1851 ya lissafa kayan Turai da ake kawowa kasuwa, a ciki har da duwatsu daga birnin Venis na Italiya da allurai daga Jamus. A Bida, Masaga na Nufawa har yau suna narka kwalba su fitar da duwatsu da awarwaro. Ba ma sai an je nesa ba. A Bebeji, maƙwabtanmu, aka haifi Alhassan Ɗantata wajen 1877. An fi saninsa da goro da gyaɗa, amma masu ba da tarihinsa sun ce tun wajen 1906 ya faɗaɗa fataucinsa ya haɗa da duwatsu da sarƙoƙin wuya da yadin Turai. Kafin ya rasu a 1955 ana ƙirga shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Kowane ɗan makaranta a Kano ya san sunan Ɗantata. Amma duk sarƙar da ta bi ta hannun fatake irinsa, wani ne ya zauna ya zura ta dutse bayan dutse, kuma wannan wanin ba a rubuta sunansa. A Venis ɗin ma mata ne suke zama ƙofar gida da tire a cinya, suna zura duwatsu a kan ladan da bai taka kara ya karya ba. Ba laifin falke nake gani ba, fatauci yana da nasa haɗarin da asararsa. Abin lura dai shi ne tun asali a wannan sana'a kuɗi a hannun mai yawo da kaya yake taruwa, mai zura zare ita ce ta ƙarshe a layi. Duk wanda zai shigo sana'ar yau, a kan mai wannan matsayi zai shigo.

Ga yadda ake shigowa. Ma'aikaciyar banki, ko malamar jami'a, ko irina, a koyi shirya duwatsu a YouTube, a ji daɗi, sarƙoƙi su taru a ɗaki. Abokai su ce ai sai a riƙa sayarwa. A ɗauki hoto mai kyau da waya mai tsada, a ɗora a WhatsApp da Instagram, a sa farashi. Farashin kuwa kuɗin duwatsu ne da ɗan abin da aka ɗora, tare da cewa, "Ni ba don kuɗi nake yi ba." Maganar tana da daɗin ji, kamar ta mai wadatar zuci. Ma'anarta dai ita ce wani wurin ya riga ya biya ni kuɗin lokacina, don haka na sa wa awoyin da na yi a kan sarƙar nan sifili.

Mu yi lissafi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne a wata. In aka raba shi a kwana 22 na aiki, kowace rana awa 8, awa ɗaya ta tashi kusan naira 400. Sarƙa mai hawa uku da ta ci awa uku, ladan hannunta kaɗai naira 1,200 ke nan, ba a sa dutse da zare da maɓalli ba, ba a sa kuɗin motar zuwa Kurmi saro kaya ba. Mai albashin da ya yafe wannan 1,200 bai yi asarar komai ba. Amma mai saye ta koyi cewa iyakar darajar sarƙar hannu ke nan, kuma da wannan farashin a bakinta za ta je ta taya ta Gwaggo. Gwaggo ta ce albarka sau ɗaya, ta ce sau biyu, a na uku ta tuna babu sabulu a gida, ta sallama.

Na san abin da za a ce. Sarƙa goma ta ɗan hutu me za ta yi wa kasuwar da kayan roba daga Yiwu ta ƙasar Sin suka riga suka cika maƙil? Gaskiya ne, babban kayen can aka yi shi, kuma ba ɗan hutu ne ya yi ba. Sai dai Gwaggo ta daɗe da bar wa roba masu neman araha. Abin da ya rage mata ɗan lungu ne: mai son a auna wuyanta, mai neman launin da zai hau da atamfar anko, uwar amaryar da ke son abin da ba a gani a wuyan kowa ba. Wannan lungun ne ɗan hutu yake faɗowa, kuma yana faɗowa da abin da ita ba ta da shi, wato hoto, da data, da abokai masu albashi. Mu masu manhaja bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Mun san yadda ranmu yake ɓaci in wani ya gina wa kamfani shafin intanet a kuɗin katin waya don "yana koyo ne", washegari kamfanin ya zo yana taya namu aikin da wannan farashi. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira take zubo layukan manhaja cikin daƙiƙoƙi, mun ma fara ɗanɗana abin da masaƙa suka ɗanɗana ranar da yadin inji ya sauka a kasuwa.

To sai mai albashi ya cire hannunsa daga faifai ke nan? Ban yarda da wannan ba. Bahaushe bai taɓa zama mutum mai sana'a ɗaya ba. Da damina kowa manomi ne. Da an kai amfani rumbu, wannan ya koma saƙa, wancan dukanci, wani jima, wani tufkar igiya, wani ya tafi cin rani. Malamai da almajirai da yawa da ɗinkin hula da aikin babbar riga suka riƙe kansu. Zaman mutum wata goma sha biyu a kujera ɗaya yana abu ɗaya baƙon abu ne, tare da boko da albashi ya zo, kuma ya zo da wani raini ga aikin hannu wanda har yau bai sake mu ba. Ɗan bokon da ya durƙusa gaban gwaggonsa yana koyon ƙulli ya rage wannan raini, ko da kaɗan ne. Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, cewa sana'a abu ce da take kafuwa a jikin mutum ta hanyar maimaitawa, tana bukatar malami, kuma takan ɓace a garin da aka daina nemanta. Sana'ar da ba mai koyonta a hanyar mutuwa take.

Amma akwai bambanci tsakanina da manomin da yake saƙa da rani. Shi yana bukatar kuɗin saƙarsa, don haka ba zai karya farashi ba, in ya karya kansa ya cuta. Ya kuma koya ne a hannun wani, ya yi masa hidima ta shekaru, ya san wa ya girme shi a sana'ar. Maƙera da wanzamai da mahauta har sarakuna gare su masu tsawatarwa. Ɗan hutu na yau ba ya ƙarƙashin kowa, yunwa ba ta tsare shi, doka ma ba ta san da zamansa ba. Duk abin da zai hana shi ɓata wa wani ciniki, sai dai ya fito daga cikinsa. Shi ya sa nake ganin tambayar ta fi ƙarfin "ai kasuwa ce".

Akwai kuma batun suna, wanda ba a cika ɗaukarsa a bakin komai ba. Gwaggo tana da wata murɗa da take yi wa zare uku su haɗu su rabu kamar kitso, ta ce a wurin wata Banufiya da suka taɓa maƙwabtaka ta koya. Kullum in za ta yi sai ta ambaci matar, ta yi mata addu'a. In na ɗauki wannan murɗa na ɗora a Instagram ƙarƙashin wani sunan kanti na Turanci, na yanke zaren da ya haɗa mutum uku. A duniyar manhaja, ko wadda aka saki kyauta ga kowa, yawancin lasisinta yana sharɗanta a bar sunan wanda ya rubuta. Bai dace mu riƙe wannan ƙa'ida a kan allo mu sake ta a kan faifai ba.

Ƙulli ɗaya ne mai wuyar kwancewa. In aka sa wa aikin hannu farashinsa na gaskiya, talaka ya fita daga layin masu saye. William Morris na Ingila, wanda ya rasu a 1896, ya ƙarar da rayuwarsa yana kare aikin hannu da 'yancin ma'aikata, amma kayan da kamfaninsa yake yi sai masu hannu da shuni suke iya saye, kuma abin ya dame shi. Haka nan amaryar ƙauye da kuɗinta bai kai ba, roba za ta sa, kuma ba wanda ya isa ya ga laifinta. Sai dai in za a sauƙaƙa mata, ba daga aljihun wadda ta fi kowa ƙaramin rabo ya kamata sauƙin ya fito ba. A yanzu daga can yake fitowa, ta hanyar tayi da ragi da "ai ke tamu ce".

Ni dai inda na tsaya, har yau ina shirya duwatsu in kai ya cushe, amma ba na sayarwa. Da zan sayar, ba zan sauko ƙasa da farashin Gwaggo ba. Koyarwar da ta yi mini na biya, duk da sai da aka kai ruwa rana kafin ta karɓa, kuma sai da na canza masa suna ya koma kuɗin goro. In na tsaya gaban mai aikin hannu a kasuwa, tayin da ba na yi a babban kanti mai na'urar sanyaya ɗaki ba na yi mata shi. Kyauta kuwa ina yi, sarƙa ɗaya ga ƙanwa ko ga 'yar aboki, domin wannan zumunci ne, da wuya ya hana wani ciniki.

Inda kyauta take ƙarewa aiki ya fara, nan ne ake samun saɓani da mutane. Bara aka sa bikin 'yar kawuna a Riruwai, can cikin Doguwa bayan an ratsa dajin Falgore. Matar kawu ta kira ni ta ce tunda an ce na iya, kuma ni ba kuɗi nake nema ba, in yi wa ƙawayen amarya guda goma sha biyu iri ɗaya. Na ce ta amarya ni zan yi da hannuna, ba ko sisi, amma sha biyun nan aiki ne, a kai wa Gwaggo ta faɗi kuɗinta. Ba a ji daɗi ba. An ce boko ya koya mini rowa, har wata ta ce na haɗa baki da dangin uba za mu ci kuɗin dangin uwa. Aka dai kai aikin Kiru da ƙyar. Gwaggo ta gama cikin kwana biyar, rana take yi saboda ido, aka ba ta kashi biyu cikin uku, ragowar aka ce sai an sayar da masara. An sayar da masarar tun tuni. Matar kawu kuwa ta fi wata huɗu tana amsa gaisuwata a taƙaice.